Kafin ka miƙa wa AI teburin wasanka, fara binciken takardarsa

Idan kai ne mai jagorantar wasa, wanda 'yan harka ke ce wa GM, ka san aikin da ke kanka kafin daren haɗuwa. Ga taswira, ga jera dodanni, ga cike takardun jarumai, ga sirrin labari da za ka ɓoye sai lokacinsa ya yi. Shi ya sa manhajojin da ke haɗa ƙirƙirarriyar basira da teburin wasa na intanet suke jan hankali. Ka rubuta "sa min 'yan fashi uku a bakin kogo", kafin ka ɗago kai sun tsaya a taswira.

Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP a watan Nuwamban 2024, gina irin wannan gada tsakanin AI da wata manhaja ya yi sauƙi ƙwarai. Yanzu za ka tarar da gadoji iri-iri a GitHub, musamman na teburin wasa na intanet mai suna Foundry VTT. Da yawansu aikin mutum ɗaya ne da ya yi don sha'awa. Wasu sun yi kyau, wasu kuma za su iya hargitsa maka labarin da kuka daɗe kuna ginawa. Inda za ka fi saurin bambance su shi ne takardar bayaninsu.

Ga abin da nake so ka riƙe. Wannan takarda masu karatu biyu gare ta: kai, da wakilin AI ɗin kansa. Kai kana da ido, kana ganin taswira, kana iya tambaya. Shi kuwa bai taɓa ganin teburinka ba. Abin da ya sani game da kowane aiki shi ne sunansa, da ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, da jerin abubuwan da aikin ke buƙata. Tamkar baƙon da aka aika kasuwa da 'yar takarda ne: abin da ba a rubuta ba, da ka zai cike shi. Don haka gobe da safe ka ware awa biyu, ka bi matakan nan.

1. Buɗe duniyar gwaji tukuna.

Kada ka gwada komai a kan wasanku na gaske. A Foundry, ƙirƙiri sabuwar duniya, ka sa mata taswira ɗaya, jarumi ɗaya, nau'in dodo ɗaya, da takardar sirri ɗaya. A Roll20, wani teburin wasan na intanet, buɗe sabon wasa. Sannan ka yi kwafin duniyarku ta asali ka ajiye a wani wuri daban. Ka buɗe asusun ɗan wasa na biyu a wata burauza, domin za ka buƙaci ganin teburin da idon 'yan wasanka.

2. Nemi lambar siga kafin ka karanta komai.

Foundry ta fito a 2020, kuma tana sauya fata kusan kowace shekara: siga ta 12 a 2024, ta 13 a 2025. Sauyin ba na kwalliya ba ne kawai. A siga ta 10, a 2022, an sauya yadda ake isa ga bayanan jarumi, hanyar da ke farawa da data.data ta koma system. Duk takardar da har yanzu misalanta ke amfani da tsohuwar hanya, ka san an daɗe ba a leƙa ta ba.

Buɗe fayil ɗin module.json. A ciki akwai wurin da mai manhajar ke faɗin mafi ƙarancin sigar da take aiki da ita, da wadda ya gwada ya tabbatar. Kwatanta da abin da shafin farko ya ce. In sun saɓa, ka rage yarda da sauran bayanan.

Ka kuma duba tsarin wasan. Dungeons & Dragons daban, Pathfinder daban. A Pathfinder bugu na biyu sakamakon jifa hawa huɗu ne, daga babbar nasara zuwa mummunar faɗuwa, kuma tazarar maki 10 ce ke ɗaga ka ko sauke ka. Ko a D&D ɗin ma akwai dokokin 2014 da na 2024. Takardar da ta ce "tana aiki da kowane tsari" ba tare da ta lissafa waɗanda aka gwada ba, alkawari ne kawai.

3. Saka manhajar da abin da aka rubuta kaɗai.

Ajiye wayonka gefe. Bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ka san komai ba. Duk inda ya zama dole ka yi hasashe ko ka fita neman amsa a wani wuri, rubuta shi a takarda. Wace sigar Node ake buƙata? A ina ake liƙa makullin API? Dole ne GM ya bar burauzarsa a buɗe kafin gadar ta yi aiki? Foundry a bisa al'ada tana sauraro a ƙofa ta 30000, to ita gadar a wace ƙofa take? Idan ta Roll20 ce, an gaya maka tun farko cewa sai mai asusun Pro ke iya sa rubutun API?

Giɓi ɗaya ko biyu ba komai ba ne. In jerin ya cika shafi, mai manhajar don kansa ya yi rubutun.

4. Karanta abin da AI ke karantawa.

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne yawancin mutane ba sa zuwa. Shafin farko mai hotuna da bidiyo naka ne. Wakilin AI ba ya ganinsa. Akwai wata manhajar gwaji kyauta mai suna MCP Inspector. Haɗa ta da gadar, za ta jero maka dukkan ayyukan da suna da bayani da abin da kowanne ke karɓa, daidai yadda AI zai same su. Za ka kuma iya kiran kowane aiki da hannunka ka ga abin da yake dawowa da shi.

Ɗauki aiki ɗaya, ka rufe duk wani abin da ka sani, ka tambayi kanka: da wannan bayanin kaɗai, zan san lokacin da ya dace in kira shi?

Duba waɗannan bayanai biyu (tokin shi ne ɗan hoton da ke wakiltar halitta a kan taswira). Na farko ya ce: "Yana sabunta jarumi." Shi ke nan. Na biyu ya ce: "Yana sauya yawan jinin tokin guda ɗaya a taswirar da ke buɗe. Ba shi lambar shaidar tokin, wadda za ka samu daga aikin jera tokin. Adadin da ka bayar shi ne sabon jimla, ba abin da za a cire ba. Ba ya taɓa asalin takardar dodo. Idan ba a sami tokin ba, zai faɗa, kuma ba zai sauya komai ba."

Na biyun ya fi tsawo, kuma kowace jimla a cikinsa ta toshe wata ɓarna. Ɗauki maganar jimla kawai. Dodo na da jini 30, an sare shi da 7. Idan bayanin bai fayyace ba, AI na iya tura 7 yana nufin a cire, manhaja kuma ta ɗauka sabon jimla ne. Dodon da ya kamata ya rage da 23 ya koma 7, faɗan da ka shirya zai ci rabin dare ya ƙare a zagaye na biyu, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito.

Ka lura da ayyuka masu kama da juna. Idan akwai na neman halitta, da na neman abu a taskar littattafai, da na neman jarumi, bayanin kowanne ya kamata ya faɗi inda ya bambanta da 'yan'uwansa. In kai ka rikice, shi ma zai rikice. Yawan ayyuka kuma ba abin alfahari ba ne: duk bayanansu ana cusa wa AI ne a cikin zance, suna cin wuri, suna cin kuɗi, suna ƙara masa damar ɗaukar wanda ba shi ba.

5. Raba masu kallo da masu taɓawa.

Ja layi a tsakiyar takarda. Hagu, ayyukan da ke karantawa kawai. Dama, masu ƙirƙira ko sauyawa ko gogewa. Idan ka kasa sanin ɓangaren da wani aiki ya faɗa daga bayaninsa, wannan babban aibi ne.

Ƙa'idar MCP ta tanadi alamomi don haka, irin su readOnlyHint ga aikin da ba ya sauya komai, da destructiveHint ga mai iya rushewa. Duba ko an cike su. Amma ƙa'idar da kanta ta ɗauke su a matsayin ishara, wadda ba a dogara da ita sai an amince da wanda ya rubuta. Don haka gwada: kira aikin da aka ce na kallo ne, sannan ka duba ko wani abu ya motsa a duniyar gwaji.

Ga kowane aikin da ke gogewa, nemi amsar tambaya ɗaya a rubuce: ana iya dawo da abin? In takardar ta yi shiru, ɗauka ba a iyawa.

6. Gwada ta da 'yan fashi uku.

Wannan gwajin nake fi so, domin yana tona wanda ya san tebur da wanda bai sani ba. A Foundry akwai takardar halitta, wadda ke zaune a jerin gefe, akwai kuma tokin, wato ɗan hoton da ke wakiltarta a kan taswira. Tokin jarumin ɗan wasa galibi a ɗaure yake da takardarsa, abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan. Ƙananan dodanni kuwa ba a ɗaure su, domin kowanne ya riƙe nasa jinin.

Jawo ɗan fashi ɗaya ka sa shi sau uku a taswira. Duk ukun sunansu ɗaya. Yanzu ka ce wa AI: "An sari ɗan fashin da ke kusa da ƙofa, cire masa 5." Sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe asalin takardar ma.

Idan na bakin ƙofa kaɗai ya ragu, madalla. Idan asalin takardar aka taɓa, duk ɗan fashin da za ka jawo nan gaba da rauni zai fito. Idan wani daban aka cire wa, gadar na aiki da suna ne, ta cafke na farkon da ta gani. Koma ga takardar bayani ka ga ko ta yi maka gargaɗin hakan. Manhajar da ke da iyaka kuma ta faɗi iyakarta, ana iya zama da ita. Wadda ta ɓoye ce ke ba da kunya a gaban 'yan wasa.

7. Tambayi ma'auni.

"Matsar da tokin zuwa 5, 8." Biyar ɗin me? Gida, ko fiksel, ko ƙafa? A D&D gida ɗaya ƙafa 5 ne. A Roll20 gida ɗaya fiksel 70 ne a bisa al'ada, a Foundry kuma 100, sai dai in an sauya. Foundry tana auna matsayin tokin da fiksel daga kusurwarsa ta sama a hagu. Duk lambar da ke cikin takarda ba tare da ma'auninta ba, tarko ce. Umarci AI ya matsar da jarumi gida uku gabas, ka ƙirga da idonka.

8. Wa ke jefa dayis, wa ke gani?

AI ya iya rubuta "ka sami 17" ba tare da an jefa komai ba, kuma zai rubuta shi da cikakken tabbaci. Takarda mai kyau tana faɗa ƙarara cewa injin dayis na teburin ne ke jifa, tana kuma umartar wakilin kada ya ƙirƙiri sakamako. Tabbatarwa ba wuya: jifa na gaskiya yana fitowa a akwatin hira da lissafinsa.

Duba misalan rubutun jifa. Akwai na jifa biyu a ɗauki babba, irin 2d20kh? Akwai na ƙara maki? Misali guda na gaskiya ya fi sakin layi uku na bayani.

Sai batun gani. Foundry na da jifan kowa ya gani, da na ɗan wasa da GM, da wanda GM kaɗai ke gani ko mai jifan bai sani ba, da na mutum shi kaɗai. Idan AI bai faɗi wanda yake so ba, wanne gadar ke zaɓa? Wannan amsa dole ta kasance a rubuce. Jefa na sirri, ka leƙa burauzar ɗan wasan da ka buɗe tun farko.

9. Bi sawun sirri.

Rabin daɗin wasan nan sirri ne. Waye maci amana, me ke bayan ƙofa, wace taska ce ta bogi. Foundry ta raba iko a kan kowace takarda hawa-hawa, daga wanda ba ya ganin komai har zuwa mai mallaka. Amma idan gadar tana shiga da ikon GM, komai a buɗe yake gare ta. Takardar ta faɗi da ikon wa take shiga? Idan 'yan wasa na iya magana da AI kai tsaye, me zai hana ɗayansu ya ce "taƙaita min duk bayanan da ke kan sarkin garin nan" ya samu har da abin da ka ɓoye?

Rubuta wata baƙuwar kalma a takardar sirrinka ta gwaji. Shiga a matsayin ɗan wasa, ka yi ta zagaye-zagayen tambaya. Kalmar ta fito, an gama magana.

Akwai kuma wata ƙofar da ba a cika lura da ita ba. AI na karanta tarihin jarumai da saƙonnin hira, kuma 'yan wasa ne ke rubuta su. Wani mai wayo zai iya cusa umarni a tarihin jaruminsa, ya ce a ba shi takobin sihiri. Gwada hakan da kanka. Marubucin da ya ambaci wannan haɗari a takardarsa, ya kuma ba da shawarar a riƙa neman amincewar GM kafin duk wani sauyi, ya yi tunani mai nisa. Ina ƙara masa maki sosai.

10. Ɓata abu da gangan.

Ba da sunan dodon da babu shi. Tura harafi a inda ake son lamba. Rufe taswira, ka ce a matsar da tokin. Karanta saƙon da ke dawowa. "An sami matsala" ba ya taimakon kowa. "Babu tokin mai wannan lamba a taswirar da ke buɗe, kira aikin jera tokin ka sake gwadawa" yana ba AI hanyar gyara kansa. Saƙon kuskure ma takardar bayani ne, kuma shi wakilin ke karantawa a lokacin da ya fi buƙatar jagora.

Mafi muni shi ne aikin da ya gaza amma ya dawo da "an yi". Daga nan AI zai ci gaba da ba da labari a kan abin da bai faru ba.

Sannan ka katse intanet ana tsakiyar aiki. Mu da muka saba da yankewar sabis da ɗaukewar wuta, wannan ba gwajin wasa ba ne. Idan an dawo aka sake tura umarnin, 'yan fashi uku za ka gani ko shida? An cire jini sau ɗaya ko sau biyu? Nemi inda takardar ta yi maganar maimaita kira.

11. Me ke fita daga kwamfutarka, nawa kuma yake ci?

Duk abin da gadar ta karanto, ana tura shi ne ga kamfanin da ke da AI ɗin, sai dai in a kan na'urarka kake gudanar da shi. Wannan ya haɗa da hirar 'yan wasanka da sunayensu. Ya kamata takardar ta faɗi abin da ake turawa, kai kuma ka gaya wa mutanen teburinka kafin ka kunna.

Akwai batun littattafai. Kamfanin Wizards of the Coast ya saki tushen dokokin D&D, wato SRD 5.1, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons a watan Janairun 2023. Littattafan da ka saya da kuɗinka ba sa cikin wannan sassauci. Duba ko gadar ta ba ka damar zaɓar taskokin da za ta iya leƙawa.

Kuɗi kuma da dala ake lissafa shi. Aikin da ke dawo da cikakkiyar takardar dodo alhali jininsa kawai aka tambaya, aljihunka yake ci. Nemi inda aka ce ana iya taƙaita sakamako ko karɓarsa kashi-kashi. Yi faɗa ɗaya na gwaji daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka duba abin da aka caje ka.

12. Yanke hukunci, ka kuma kai rahoto.

Ba sai ka yi jadawalin maki ba. Abu uku ne ba na sassauci a kansu: aikin da ke gogewa ba tare da an faɗa ba, sirrin da ya zubo wa ɗan wasa, da gazawar da aka kira nasara. Ɗaya daga cikinsu ya isa ka ajiye gadar har sai an gyara. Sauran, kamar ƙarancin misalai ko matakin sakawa da aka tsallake, abubuwa ne da za ka iya cikewa da kanka a umarnin da kake ba wakilin.

Idan gadar ta tsallake, fara da kunna ayyukan kallo kaɗai a daren wasa na farko. Bari ta nemo maka dokoki, ta tuna maka sunayen mutanen gari. Ikon taɓawa ya biyo baya, aiki ɗaya bayan ɗaya, kana amincewa da kowanne kafin ya gudana.

Kafin ka rufe kwamfuta, leƙa shafin ƙorafe-ƙorafen manhajar a GitHub. Ana amsa wa mutane? Akwai jerin sauye-sauye mai kwanan wata? In akwai rai a wurin, tura abin da ka gano. Faɗi sigar Foundry da tsarin wasan da kake kai, kwafo umarnin da ka bayar, faɗi abin da ka zata da abin da ya faru. Sai ka haɗa da jimlar da kake ganin ta ɓace a bayanin, a rubuce tsaf yadda zai kwafa ya liƙa, misali: "Adadin da ka bayar shi ne sabon jimla, ba abin da za a cire ba." Ka sake gwajin 'yan fashi uku duk lokacin da sabuwar siga ta fito, tun kafin ka sabunta duniyarku ta gaske.